Kalmar compound: me ya haɗa gida da taki da kuɗin ruwa?

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, kalmar Turancin nan compound ta rikita ni. A ajin kimiyya an ce mana gishiri compound ne. A lissafi ga compound interest. A unguwa kuma ina jin ana cewa a share compound. Jiya na karanta a jarida cewa ambaliya ta yi compounding matsalar manoma. Shin haɗawa take nufi, ko taruwa, ko gida?"

Ɗan'uwa, abin da zai fara sauƙaƙa maka shi ne ka san cewa kalmomi biyu ne masu rubutu iri ɗaya, kuma babu dangantakar jini tsakaninsu. Ɗaya daga Latin ta fito, ita ce ta gishiri da lissafi da jarida. Ɗayar kuma, ta gida, daga can kudu maso gabashin Asiya Turawa suka kwaso ta. Mu ajiye ta gidan tukuna, domin ta farkon ce mai rassa.

Asalinta componere ne a Latin: com na nufin tare, ponere kuma ajiyewa. Wato a ajiye abubuwa wuri guda. Ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14, kuma a lokacin ma babu harafin d a ƙarshenta, daga baya ya maƙale mata. Component da composition 'yan ɗakinsu ɗaya da ita. To amma idan ka tsaya a "haɗawa" kawai za ka yi ta tuntuɓe, saboda Bature yana da mix don cakuɗawa, yana da accumulate don taruwa, kuma bai ɗauke su daidai da compound ba. Abin da aka yi mixing ɗinsa yana nan yadda yake, an dai gauraya shi da wani. Abin da ya yi accumulating tsibi ne, yau an zuba gobe an ƙara. Compound kuwa haɗi ne da ke haifar da wani abu sabo, sau da yawa kuma wannan sabon shi ne zai zama tushen ƙari na gaba. Da wannan za ka iya bin kusan duk inda kalmar ta shiga.

Malaman kimiyya sun fi kowa tsaurara wannan bambanci. Akwai gwajin da ake yi a sakandare: a zuba garin ƙarfe da farar wuta a faranti a gauraya. Ka kawo maganaɗisu kusa, duk ƙarfen zai taso ya manne masa, farar wutar ta zauna. Wannan mixture ne. Amma idan aka ɗora haɗin a wuta ya yi ja, abin da zai fito baƙin dunƙule ne wanda maganaɗisu ba ya iya raba shi, kuma halinsa ba na ƙarfe ba ne ba na farar wuta ba. Shi ne compound. Gishirin da aka ce maka ya fi ban mamaki. Sodiyam ƙarfe ne mai taushi wanda in ya taɓa ruwa yake tafasa har ya kama wuta. Kulorin kuma iskar guba ce, da ita aka hallaka sojoji a Ypres ta Beljiyam a 1915. Su biyun suka haɗu suka zama abin da ake barbaɗawa a miya. Akwai kuma sharaɗin ma'auni: ruwa kullum haidurojin biyu ne da oksijin ɗaya, ko na rijiya ne ko na sama. Ruwan gishiri kuwa za ka iya yin mai kauri ko maras kauri, ka kuma shanya shi gishirinka ya dawo, don haka shi mixture ne duk da cewa abubuwa biyun da ke cikinsa kowanne compound ne. Wannan tambaya tana yawan fitowa a jarrabawa, kuma a nan ɗalibai ke zubar da maki.

Manomanmu sun daɗe da mallakar kalmar ba tare da sun je aji ba. Takin da suke kira kamfa, ai compound ne bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Compound fertilizer shi ne wanda ya ƙunshi sinadarin abincin shuka fiye da ɗaya, kamar NPK 15:15:15 mai naitirojin da fosfaras da potasiyam, saɓanin yuriya da ke ɗauke da naitirojin kaɗai, kashi 46 cikin ɗari. Lambobin nan uku kaso ne cikin ɗari, don haka buhu mai kilo 50 na 15:15:15 yana ɗauke da kilo 7.5 na naitirojin. A wurin masu sana'ar taki akwai ƙarin rarrabewa da ta dace da abin da na faɗa a sama. Idan kowace ƙwaya ɗaya tana ɗauke da sinadaran uku, shi ne compound na gaskiya. Idan kuwa ƙwayoyi ne daban-daban, fari da ja da toka, aka juya su a inji aka ɗura a buhu, sunansa blend. Yawancin masana'antun da suka farfaɗo a Najeriya bayan yarjejeniyar taki da Maroko a ƙarshen 2016 irin wannan gaurayawar suke yi. Manomi duk kamfa yake ce musu, kuma duk suna aiki, sai dai gaurayayyen idan ya sha jijjiga a mota ƙananan ƙwayoyi kan gangara ƙasan buhu, shi ya sa yake da kyau a sake juya shi kafin a zuba.

Sauran wuraren da kalmar ke zuwa a matsayin sifa ba su da wahala. Compound word kalma ce da aka gina daga kalmomi biyu ko fiye, kamar toothbrush da blackboard, kuma blackboard allo ne ko da an yi masa koren fenti. Hausa ma cike take da irinsu, su ne malaman nahawu ke kira harɗaɗɗun kalmomi: fasa-ƙwauri, barkonon tsohuwa, hana-salla, dafa-duka. Wanda ya ji barkonon tsohuwa ya nufi kasuwar kayan miya bai san an sami sabuwar ma'ana ba. Compound sentence jimloli ne biyu masu cin gashin kansu da aka ɗaure da and ko but. Idon ƙuda compound eye ne saboda dubban ƙananan idanu ne a dunƙule. Ganyen zogale da na tsamiya compound leaf ne. Mai haɗa magani kuma, idan ya auna sinadarai ya haɗa wa majiyyaci guda abin da babu shi a kanti, ana cewa ya yi compounding.

Yanzu ga inda ma'anar taruwa ta shigo, kuma a ganina nan ne ya kamata ka fi ba da hankali, domin nan ne rashin fahimtar kalmar ke cin aljihu. Kuɗin ruwa iri biyu ne. Simple interest ana lissafa shi a kan uwar kuɗi kaɗai. Compound interest kuwa, ruwan da ya hau bana ana haɗa shi da uwar kuɗin, baɗi a lissafa sabon ruwa a kan su duka. Ka ga haɗawar, ka kuma ga yadda ta haifi taruwa. Mai kiwo ya san wannan: akwai wanda duk shekara yake sayar da 'ya'yan tunkiyarsa ya bar uwar ita kaɗai, akwai kuma wanda yake barin 'ya'yan su girma su ma su haihu.

Mu sa lamba. Naira 100,000 a kan kashi 10 cikin ɗari a shekara. A tsarin simple, duk shekara 10,000 ce ke hawa, ba ta canzawa. A tsarin compound, shekarar farko 110,000, ta biyu 121,000, ta uku 133,100. Bambancin a nan bai kai a ɗaga murya ba, kuma wannan shi ne yaudarar abin. A shekara 10, simple ya kai 200,000, compound ya kai 259,374. A shekara 20, 300,000 ne da 672,750. A shekara 30, simple yana 400,000, compound ya haura miliyan 1.7. Farkonsa tafiyar hawainiya, ƙarshensa kuma ba a cim masa.

Akwai dabarar lissafi da ka wadda 'yan kasuwar Turai suka daɗe suna amfani da ita, har malamin lissafin nan na Italiya Luca Pacioli ya ambace ta a 1494: ka raba 72 da kason ƙarin, amsar ita ce kusan shekarun da kuɗin zai ninka. Kashi 10 zai ninka cikin shekara bakwai da 'yan watanni, kashi 6 cikin shekara 12, kashi 24 cikin shekara uku. Benjamin Franklin na Amurka, da ya rasu a 1790, ya bar wa biranen Boston da Philadelphia fam dubu-dubu da wasiyyar a riƙa ba matasa masu sana'a rance, ribar tana komawa cikin asusun har shekara 200. Da wa'adin ya cika a 1990 asusun kowane birni ya kai miliyoyin daloli.

Littattafan Turawa na koyar da tattalin kuɗi suna son irin wannan labari, sukan nuna compounding a matsayin abokin mai ajiya. Ni na fi damuwa da ɗaya gefen, don mutanenmu sun fi haɗuwa da shi a matsayin masu bashi a wuya. Ka ɗauki rancen da ake cewa kashi 10 ne kacal a wata. Idan simple ne, 100,000 za ta zama 220,000 a shekara, wanda ma ya isa ciwon kai. Idan ana compounding duk wata, za ta zama 313,843. Saboda haka duk takardar rance da ka ga an rubuta compounded monthly ko compounded daily, to ana gaya maka sau nawa ake mayar da ruwa ya zama uwa, kuma yawan mayarwar shi ne yawan nauyin. Musulmi mai karatu ba zai rasa tuna ayar Ali Imrana ta 130 ba, wadda ta hana cin riba ninkin-ba-ninkin. Malaman tafsiri sun bayyana yadda ake yi a jahiliyya: wa'adi ya cika, mai bashi ya ce ko ka biya ko a ƙara, sai a ƙara a kuma jinkirta. Hukuncin riba dai bai tsaya ga mai ninkawa kaɗai ba, wannan fagen malaman fiƙihu ne, ni dai ina nuna maka cewa abin da kalmar ke siffantawa ba baƙo ba ne a wurinmu.

Kada kuma ka ɗauka sai da banki ake compounding. Wanda ya guje wa kuɗin ruwa gaba ɗaya bai tsira daga lissafin ba. Tsadar kaya haka take tafiya. Idan farashi na hawa da kashi 25 duk shekara, bayan shekara uku ba kashi 75 ya ƙaru ba, kashi 95 ne, wato mudun da ka saya 1,000 ya kusa 2,000, saboda ƙarin bana a kan farashin bara yake hawa. Yawan jama'a ma haka: ƙasar da ke ƙaruwa da kashi 2.5 a shekara za ta ninka cikin kusan shekara 28. Ɗan kasuwar da ke mayar da ribarsa cikin jari maimakon ya cinye, shi ma compounding yake yi, halal ɗinsa. Wannan ne ya sa za ka ga rahotannin kamfanoni suna rubuta compound annual growth rate, ma'ana matsakaicin haɓakar shekara-shekara idan aka lissafa kowace shekara a kan wadda ta gabace ta.

Daga nan ma'anar jaridar da ka karanta ba ta da nisa. "The flood compounded the farmers' problems" na nufin ambaliyar ta ƙara dagula wa manoma lamari, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Lura da abu biyu. Na farko, dole ne akwai matsala tun da farko. Ba a compounding abin da babu shi, don haka ba za ka ce ambaliya ta yi compounding matsala ba idan ita ce ta fara kawo ta, a nan caused za ka ce. Na biyu, a wannan amfani kusan kullum mummunan abu ne ke biyo baya: problem, error, crisis, misery, loss. Bature ba ya cewa kyauta ta yi compounding farin cikinsa, zai ce added to. An fi ganin kalmar a siffar "was compounded by", kamar a ce ƙarancin abinci was compounded by tsadar mai. Masu fassara labarai sukan ce "ya ƙara ta'azzara" ko "ya ƙara dagula", duka sun yi. Abin da bai yi ba shi ne "ya haɗa matsalar", wanda nakan gani a fassarar gaggawa, kuma ba ya nufin komai a Hausa.

A kotu kuma sai kalmar ta juya maka baya. To compound an offence a harshen lauyoyi ba ƙara wa laifi muni ba ne. Sasantawa ce: wanda aka yi wa laifi ya karɓi wani abu ya bar maganar. Wannan tsohuwar ma'ana ce, daga haɗa kai a daidaita, kamar yadda ake cewa mai bashi ya yi compounding da masu binsa idan suka yarda su karɓi wani kaso su yafe saura. Doka ta raba abin biyu. Akwai ƙananan laifuka da ta yarda a sasanta su, kuma dokar da ta kafa hukumar EFCC ta 2004, a sashe na 14, ta ba hukumar ikon compounding wasu laifuka ta hanyar karɓar kuɗi. Akwai kuma manyan laifuka waɗanda karɓar kuɗi don a rufe su shi kansa laifi ne, shi ake kira compounding a felony. Masu nazarin Turanci da dama suna ganin daga nan ma'anar "ƙara dagulawa" ta samo ƙarfi: mutane suna jin compounding a felony suna zaton ƙara wa laifi nauyi ake nufi, har zaton ya zauna ya zama daidai. Don haka in ka ga "he compounded the offence", duba wanda ya rubuta. In ɗan jarida ne, mutumin ya ƙara ɓata lamarinsa. In lauya ne, an yi sulhu.

Akwai wata ma'ana da nake so ka riƙe saboda lafiya. Mutane da yawa, har da masu Turanci sosai, suna zaton compound fracture karaya ce da ƙashi ya farfashe gida-gida. Ba haka ba ne, wannan comminuted ake ce mata. Compound fracture ita ce karayar da ta haɗu da rauni a fata, ƙashin ya huda ya fito ko ciwon ya kai har gare shi. Rauni biyu ne a haɗe, shi ya sa sunan. Likitocin yanzu sun fi cewa open fracture. Haɗarinta ƙwayoyin cuta ne da ke samun ƙofa zuwa ƙashi, kuma kafin a gano maganin kashe su, irin wannan karaya sau da yawa yanke ƙafa take jawowa ko mutuwa. A kanta ne Joseph Lister ya gwada sinadarin kabolik a Glasgow a 1865, a ƙafar wani yaro mai shekara 11 da amalanke ya taka, yaron kuma ya warke da ƙafarsa. Idan takardar asibiti ta ce compound, ba aikin maɗori ba ne a ɗaure da karare a koma gida. Sai an wanke ciwon sosai, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tatanas.

Wajen furuci, idan suna ce ko sifa, nauyin murya a gaɓar farko yake: COM-pound. Idan aikatau ce, yawanci ya koma ta biyu: com-POUND. Haka record da present suke yi.

Saura ta gida. Mafi yawan masu bin asalin kalmomi sun tafi a kan cewa daga kampung ta fito, kalmar Malay mai nufin ƙauye ko rukunin gidaje. Turawan fatauci a ƙarni na 17 suka riƙa kiran shingayen da suke zama da ajiye haja a can gabas da wannan suna, kunnen Ingilishi kuma ya karkatar da ita zuwa kalmar da ya riga ya sani. Daga nan ta bi mulkin mallaka zuwa Indiya da Afirka. A Afirka ta Kudu ta ɗauki mummunan tarihi: daga shekarun 1880 kamfanonin lu'ulu'u a Kimberley suka riƙa kulle baƙaƙen ma'aikata a cikin closed compounds, ba fita har kwantiraginsu ya ƙare, wai don kada a saci dutse. A can har yau kalmar tana da wannan ɗaci.

A Afirka ta Yamma kuwa ta zama kalmar yau da kullum. Turawan mulki da suka ga gidan Bahaushe, katanga ta kewaye zaure da shigifa da sassa da rumbuna, sun ga house ba ta ɗauke shi ba, sai suka ce compound, mai gida kuma compound head. A Gana compound house gidan haya ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya. A Turancin Najeriya "sweep the compound" share tsakar gida ne ko farfajiya, "we live in the same compound" kuma gidanmu ɗaya. A labaran duniya fassarar takan koma haraba, kamar harabar Masallacin Ƙudus ko harabar ofishin jakadanci, wani lokaci kuma katafaren gida mai katanga, irin na Abbottabad a Pakistan inda sojojin Amurka suka kashe Usama bin Ladan a watan Mayun 2011.

Sai ka yi hattara idan kana rubuta wa mutumin Ingila ko Amurka. A kunnensa compound wuri ne mai shinge da masu gadi: barikin soja, kurkuku, ofishin jakadanci, maɓoyar wata ƙungiya, ko rukunin gidajen attajirai irin na iyalan Kennedy a Hyannis Port. Idan ka rubuta masa cewa yara suna wasa a compound ɗinku, zai zaci ko dai kai hamshaƙi ne ko kuma a tsare kuke. A irin wannan wasiƙa ka ce yard ko courtyard, in kuma gidan gaba ɗaya kake nufi ka ce family house. A jarrabawar WAEC ko a rubutun da 'yan Najeriya za su karanta, compound ɗinka daidai ne, babu mai rage maka maki.